Malama Tumba, wadda ta koya mana bambancin baba da babba

Ranar Talata da hantsi ina gaban allo a aji biyu wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Malama Tumba. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba, ta ce, "Anti Luba, Inna ta cika." Na yi salati, na ajiye alli, na zauna a kan bencin yara. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar an yi mata sutura, an kai ta makwancinta.

Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da ƙananan yara karatu da rubutu a nan Illela. An sha ba ta manyan azuzuwa tana ƙi. Cewa take a aji ɗaya da aji biyu ake gina mutum. Ni ɗalibarta ce, daga baya Allah ya yi na zama abokiyar aikinta har shekara tara, don haka abin da zan faɗa gani na yi.

Wurin da ta fi ba wa ƙarfi shi ne tsakiyar kalma, inda baƙi yake ninkuwa bayan gajeren wasali. Nan yara suka fi tuntuɓe, su rubuta kuna a maimakon kunna, ko daba a maimakon dabba. Ba ta fara darasin da alli. Takan sa mu ɗora yatsa a leɓe mu ce baba, sannan mu ce babba, ta tambaya, "Mi kunka ji?" Sai wani ya ce a na biyun baki ya rufe ya ɗan tsaya. Ta ce, "To, inda baki ya tsaya, nan baƙi ya zama biyu." Tana da gwangwani cike da ƙwallon dabino. Kowane sauti ƙwallo ɗaya, wanda aka danne kuwa ƙwallo biyu. Sai yaro ya jera su daidai a kan tabarma take miƙa masa fensir. Takan ce, "Kunne ya riga alƙalami."

Ina da shekara takwas muka taso daga Konni muka zauna a Illela, saboda fataucin albasa da mahaifina yake yi. A watana na biyu wani sabon malami ya yi mana shifta ranar da Malama ba ta nan. Na rubuta jakki da hulla da kassuwa, yadda muke faɗa a gida. Ya soke su duka da jan biro, ya karanta a gaban aji, yara suka yi ta dariya. Kwana uku ban koma ba. Mahaifina, wanda dama bai damu da boko ba, ya ce in ba na so a bar ni.

A rana ta huɗu bayan la'asar ta zo gidanmu da ƙafa, takardar tana hannunta. Ta tsaya a zaure suka gaisa da mahaifina, ina laɓe ina ji. Ta ce, "Alhaji, ɗiyarka kunnenta lahiya lau. Abin da ta ji shi ta rubuta, kuma ba kowa ka iya hakan ba. Saura ta koyi yadda littafi ka faɗi." Ya ce, "Malama, ai ita ta ƙiya." Ta ce, "Ba ni ita sati biyu."

Da na koma, ta raba allo gida biyu. A dama ta rubuta jakki, a hagu ta rubuta jaki, ta sa muka faɗi kowanne. Ta nuna mana cewa a bakinmu wasalin gajere ne shi ya sa baƙin ya ninku, a littafi kuwa an ja wasalin, baƙin ya tsaya ɗaya. Ta ce na dama maganar iyayenmu ce, babu abin kunya a cikinta, na hagu kuma shi za mu rubuta a jarrabawa. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta kuma aibata malamin nan ba. Sai da na fara aiki na ji daga bakinsa cewa ta same shi a keɓe, ta ce masa, "Ka ji bakin yaro kahin ka ɗauki jan biro." Ya ce har yau bai manta ba.

Ba mace ce mai yawan fara'a ba, kuma ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Wata rana muna dawowa daga kasuwa ta ga wani ɗalibinta na da, ya buɗe shagon kayan babur, an rubuta masa Baban Shago a saman ƙofa. Ta tsaya ta ce, "Sani, ina ɗiyan shagon?" Ya ɗaga kai ya duba, ya rufe fuska yana dariya. Washegari aka ƙara harafin.

Bayan ta yi ritaya ciwon suga ya taɓa mata ido, amma yaran maƙwabta ba su daina taruwa a tsakar gidanta ba. Makonni biyu kafin rasuwarta na je duba ta. Da ƙyar take magana, duk da haka ta tambaye ni yara nawa ne a ajina ba su fara karatu ba. Na ce shida. Ta ce in kawo su gaba, in daina tsayawa nesa da su, domin wasu bakin malami suke kallo kafin su ji. Na yi hakan. Huɗu daga cikinsu sun fara haɗa kalma, ban samu na gaya mata ba.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Tumba, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka ba maigidanta Malam Garba, da Hadiza da ƙannenta, da 'yan'uwanta na Kalmalo haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.