Keken Kawu Sale

Kun dai san Kawu Sale da kekensa. Ƙafafu na juyawa kamar an kunna injin niƙa, keke kuwa sai ja yake yi a hankali, har mai tafiya ƙasa ya yi masa sallama ya wuce.

Da ba haka keken yake ba. Kowace Juma'a Kawu yakan taho daga Kwandiko zuwa Fagam gaida Innarmu, yayarsa, wadda idonta ya daɗe da rufewa. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, likita ya ce ya haƙura da keke, 'ya'yansa kuma suka saya masa babur. Kawu ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya ce shi ba ya hawan abin da ke shan mai bai yi noma ba.

Washegari ya tura keken wurin mai gyara, ya ce a cire ƙaramin farantin nan mai haƙora na tayar baya, a sa babba, a ƙara wa sarƙa tsawo, don feda ta yi laushi a hawa. Mai gyara ya gargaɗe shi cewa keken ba zai ƙara gudu ba har abada.

"To wa ya biyo ni?" in ji Kawu.

Tsohon farantin ma bai yar ba. Da shi yake danne murfin tukunyar shayi.

Wata Juma'a na riske shi a hawan dutse yana ta feda, jaki ɗauke da kara ya wuce shi. Na ce, "Kawu, har jaki?" Ya ce ai jakin ba shi da 'yar'uwa a Fagam, tafiya kawai yake.

Mu muna dariya, Inna kuwa tun hantsi take sa kunne. Muryar kowa takan rikice mata, ban da tasa. Shekara shida bai fasa ba, ko da damina. Mu 'ya'yanta masu babura, wallahi ba mu yi rabin haka ba, kuma har yau ina jin kunya.

Ranar sadakar bakwai ɗin Inna ya jingine keken a zaurenmu, ya ce wa babban ɗansa, "Ɗauke ni a babur ɗin naka. Yanzu na yarda da likita."

Bai kai kaka ba ya bi ta.

Mun gode, Kawu. Allah ya sauƙaƙa maka hawan Siraɗi, ya haɗa ka da yayarka a Aljanna.