Kujerar 'Yar Fari

Ni ɗan gidan kunya ne. A gidanmu, can wani ƙauye bayan Dangora, mutum ba ya ɗaukar ɗansa na fari, ba ya faɗin sunansa, ba ya ma yarda a kama shi yana kallonsa. Haka na tarar, haka na bi, har ina jin kaina wani cikakken mutum. Da aka yaye 'yata ta fari, aka kai ta ɗakin Inna, mahaifiyata. In zan yi zancenta sai in ce "yarinyar nan". Ita ma da bakinta ya buɗe Malam take ce mini, yadda ɗalibaina na firamare suke faɗi.

Tana shekara uku da rabi zazzaɓi mai zafi ya kama ta, har da jijjiga. Allah ya tashi kafaɗunta, amma bayanta da wuyanta suka saki, in an zaunar da ita sai ta ninke. A asibitin cikin gari aka ce a riƙa kai ta gashi da motsa gaɓoɓi duk Litinin da Laraba, kuma in aka yi wasa da watannin farko, to haka za ta zauna. Uwarta tana da tsohon ciki, ba halin goyo. Gwiwoyin Inna kuwa ko rijiya ba sa kai ta. Sau ɗaya muka gwada acaɓa, ƙanwata na riƙe da ita, girgizar hanya ta sa ta amai har suka dawo. Aka duba aka duba, ba kowa sai ni da tsohon kekena.

Na fara da kasuwar Kwanar Dangora. A cikin kayan gwanjo na ga wata kujerar roba ta bayan keke, da ɗamararta da wurin sa ƙafa, ta yi mini kyau ƙwarai. Mai gyaran keke ya juya ta, ya ɗora a kan kariyar bayan kekena, ya girgiza kai. Ya ce ramukan notinta ba su hau ba, kuma ƙarfen da ake maƙala ta da shi ya ɓata tun a ƙasar da ta fito. Shi ya tura ni wurin mai walda, wani dattijo mai gajen haƙuri da ke aiki a gindin darbejiya.

"Malam, kawo yarinyar in auna ta," in ji dattijon.

Na ce to. Amma a hanya na riƙa hango kaina rungume da 'yar fari a tsakiyar kasuwa, sa'o'ina na nuna ni da baki. Sai na yi dabarar da har yau nake jin haushin kaina a kanta. Ƙanena yana da 'ya sa'arta. Na kira 'yar tasa, na zaunar da ita a kan turmi, na auna ta da igiya, na ƙulla alama a faɗin ƙugu da tsawon ƙafa, na kai wa mai walda. Wai ni mai ilimi.

Kwana takwas ya yi yana aikin, Litinin biyu da Laraba ɗaya suka wuce mu. Kujera ta fito tsaf, rodi ne aka lanƙwasa aka shafa masa shuɗin fenti. Ya ɗaure ta a kariya da noti huɗu, ya ƙara ƙafafu biyu zuwa gindin taya don kada ta yi rawa. Ya yanka tsohuwar jarka ya rufe gefen taya, kada wayoyi su ci dugadugan yarinya. Na tuƙo keke gida ina kaɗa ƙararrawa.

A tsakar gida na riƙe kan keke, Inna ta ɗauko yarinyar ta saka. Ko daƙiƙa ba ta yi ba ta sulale gefe, kanta ya faɗa baya ta saman majinginin, bakinta a buɗe tana kallon sama. Majinginin iya ƙugu ya tsaya, don yarinyar da na auna ita take riƙe bayanta da kanta. Inna ko kallona ba ta yi ba. Ta ciro ta, ta shafa mata wuya, ta shige ɗaki. Gara a ce ta zage ni.

Washegari da sassafe na naɗe yarinyar a zanen Inna na saɓa a kafaɗa, ina jan keke da hannu ɗaya. Ashe haka ba ta da nauyi. Mutane sun kalla, wasu sun yi murmushi, ba wanda ya mutu. Mai walda ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan ba ita ka auna ba."

"Ba ita ba ce, Baba."

"Allah ya shirye ku," ya ce, ya ɗauki awonsa.

Ya ƙara tsawon majingini har ya wuce kanta, ya yi masa kunnuwa biyu masu tare kai, ya kwantar da shi baya kaɗan. Muka lulluɓe ƙarfen da soson katifa. Na yanke igiyoyin tsohuwar jakar makaranta, ya gicciya su a ƙirjinta. Da ya gama ya kama kujerar ya jijjiga da ƙarfi, keken ne ya motsa gaba ɗaya, ita ko gezau. Ya ce in sa duwatsu in fara gwadawa, don nauyi a baya yana sa kan keke ya yi sauƙi, kuma kada in kuskura in jingine keke da ita a kai.

Ranar Litinin muka kama hanya, tsakanin gonakin masara da suka fi ni tsawo. Abin da ban lissafa ba shi ne ba na ganinta. Ban san ko kanta ya karkace ba, ko igiya ta shaƙe ta, ko barci take. In na waiwaya keke ya yi tangaɗi. Na ce, "Ke, kina lafiya?" Shiru. Na sake, shiru. Tsoro ya kama ni sosai. Duk 'yar tafiya kaɗan sai in taka birki, in sauka, in leƙa fuskarta. Idonta biyu, tana kallon masara, hawaye na bin kuncinta ba sauti. Ban san me ake ce mata ta daina kuka ba. Na goge mata da hannun rigata na hau.

Ma'aikaciyar da ke gashin ta fito har waje ta yaba kujerar, ta ce a nuna wa sauran iyaye. Na ji daɗi kamar ni na ƙera. A ciki ta kifa yarinyar a kan tabarmar roba, ta gasa mata baya, ta lanƙwasa ƙafafu ta miƙe. Sannan ta yi mini tambayoyi: da wane hannu ta fi kamu, me ke sa ta dariya, tana ƙwarewa in tana shan kunu? Ko ɗaya ban sani ba.

"Ba komai," in ji ta. "Yanzu aikinka ne. Durƙusa a gabanta ka kira ta. So nake ta ɗago kai da kanta, wannan ɗagowar ita ce maganin. Yaro ba ya wahalar da wuyansa sai don wanda yake son gani."

Na durƙusa. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa, ni da na raɗa mata shi a kunne. Da ƙyar ya fito, kamar na wani. Ba ta motsa ba. Na ƙara murya, na tafa hannu, na kaɗa makullin keke. Kuncinta na manne da tabarma, ta buɗe baki a hankali ta ce, "Inna."

Ma'aikaciyar ta jira, ta ba ni lokaci fiye da yadda ta ba kowa, ga layi a waje. Daga baya ta juyo da ita, ta gyara mata riga, ta miƙo mini ita.

"Malam, ran Laraba ka zo da wanda ta sani."

Na ce to. Na fito na saka ta a kujera, na gicciya igiyoyin, na duba notin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan daram. Na daɗe a tsaye riƙe da kan keke ina tunanin gwiwoyin Inna. Wurin mutum ɗaya ne a bayana.