Milojka da Macijin Dokin Ƙofa

Ranar da Milojka ta bar gidan ubanta da gudu, ruwa ya kwana yana zuba, da hantsi kuma rana ta buɗe da zafi. Irin ranar da macizai ke fitowa shan ɗumi ke nan. Ta tarar da na gidansu kwance a bakin ƙofa, sai ga ta a gidana da takalmi ƙafa ɗaya.

"Kawu Radoje, ɗauko fartanya ka kashe shi!"

"Macijin gida? Nemi wani, 'yata. Ba da hannuna ba."

A ƙauyenmu ba a taɓa macijin da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, mun taso ana cewa shi ke tsaron gida. Dafi ma ba shi da shi. Amma Milojka tun tana ƙarama ko igiya ta gani cikin ciyawa sai ta daskare. Shekara talatin ta yi tana ɗinki a birni, ta dawo gidan da ta gada, ga shi ya gagare ta shiga. Ta ce sayarwa za ta yi. Na ce ta zauna ɗakin baƙina tukuna.

Ita da kanta ta nemo wata likita mai raba mutane da tsoro, duk Talata sai ta hau bas.

"Ƙwaya ta ba ki?"

"Hoton maciji, Kawu. Na yi ta kallo har gabana ya daina faɗuwa."

"Hoto? Ai da kin ce na zana miki."

Bayan hoto sai saɓar maciji, ni na tsinto mata a katangar gona. Sannan mai rai cikin akwatin gilashi, daga nesa, kowane mako ta matsa kusa da shi taku ɗaya. Da rani ya yi nisa ta dasa kujera a gaban gidansu, kullum ta ɗan matsar da ita kusa da ƙofa.

Wata safiya na ga ta tsallake macijin ta shiga, ta fito da tasar madara.

"Likita ta ce maciji ba ya shan madara," in ji ta.

"Uwarki shekara arba'in tana ba shi."

"Kyanwa ke shanyewa, tsoho!" Amma ta ajiye.

Yanzu Milojka tana gidan ubanta, keken ɗinkinta na bakin taga. Macijin yana nan ƙarƙashin dokin ƙofa.