Uban Aduwa

A gonarmu akwai wata aduwa da ƙwallonta ya fi na kowa mai a ƙauyenmu. Inna takan fasa shi, ta soya, ta daka, ta matse, man ya cika kwalba. Tun ina ƙarama ta zaɓi ƙwallo ɗaya ta shuka a bakin iyaka, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Sai a shekarun fari ƙaramar ta fara 'ya'ya sosai, lokacin da gyaɗa ta ƙi, man miya ya gagare mu. Inna ta tara ƙwallonta daban, ta yini tana matsa. Abin da ya fito bai cika ludayi ba.

"Ba 'yar waccan ba ce?" ta tambayi yayana, wanda ke karatun aikin gona. "Da hannuna fa na shuka ta."

Ya ce 'yarta ce, amma ƙudan zuma na ɗauko garin fure daga wata bishiyar, don haka kowane ƙwallo yana da uba, wataƙila shi ta gada.

Ni dai kaina ya ɗaure. Itacen da ba ya motsawa daga inda yake, ina ya samo miji? Inna ta bi gonakin maƙwabta da kallo, aduwa ko'ina.

"To, wanne ne a cikinsu?"

Yayana ya ce ba mai iya sani.

Ta dubi ludayin. "Shekara da shekaru ina kare ta daga awaki," ta ce, "ashe tun a fure aka gama da ni."