Anti Kwali ta ɗakin koyon ji

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin. Ta kashe fanka saboda ƙara, ta jera ƙararrawa da cokali a kan tebur, ta ɗauko kwalin da take kare bakinta da shi don kada yaro ya karanci leɓenta. Daga nan ta samo sunan Anti Kwali. Shekara ashirin da biyu ke nan, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Likita kan dasa na'urar ji cikin 'yan sa'o'i, a yi masa godiya a watse. Saura nata ne. Wanda aka kunna wa na'urar hayaniya kawai yake ji da farko, sai an koya masa rarrabewa. Wasu su kai ga hira a waya, wasu su tsaya a jin bugun ƙofa. Ba ta taɓa ɓoye wa iyaye wannan ba.

Akwai 'yar wani direba, shekararta uku. Wata biyar da tiyata, ko waiwaye ba ta yi in an kira ta. Likita ya ce na'ura lafiya lau, uban ya ce shi ya haƙura, zai daina kawo ta. Anti Kwali ta lura ɓangaren da ake maƙalawa a bayan kunne ko ƙwarzane babu. Ta bi su gida.

A akwatin kakar yarinyar ta same shi, nannaɗe cikin ɗankwali. Tsohuwa ta ce abu mai daraja haka ba a barin yaro ya yi birgima da shi, sai ranar asibiti take sa mata.

"Kaka, ke naki kunnen a wane akwati yake kwana?"

"Nawa ai ba da jirgi aka kawo shi ba, 'yar nan."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora wa tsohuwar aiki: kullum da safe ta maƙala wa jikarta, ta koma bayanta ta kira sunanta. A mako na bakwai yarinyar ta juyo. Yau tana aji biyu. Maganarta ba ta gama fita tsaf ba, amma uban ya ce har tsegumi take kai masa.

Anti, ke ce mai tashi daga kujera ko da takarda ta ce komai daidai. Mun gode. Masu shigowa bayanki, in yaro ya ƙi juyowa, kada ku rufe fayil. Ku tambayi hanyar gidansu.