Fad Ɗin da Muka Yi wa Feda

Har yau ban manta da ranar da Auwalu ya shigo shagonmu na Gwarzo da hannun rigarsa na dama a naɗe ba. Ku da kuka shigo sana'ar gyaran gem, wato na'urar wasan bidiyo, kwanan nan ba ku san shi ba, don haka bari in faro daga tushe.

A lokacin ina ƙarƙashin Oga Habibu. Shagon kashi biyu ne. Ta gaba akwai talabijin da benci inda ake buga ƙwallon gem, ta baya kuma teburina na gyara. Oga ke sayo kaya daga Kano, kuma ba a kwance na'ura sai da izininsa. Ni nawa kwancewa, gwadawa da mita, da liƙa waya da dalma. Yawancin aikin bai wuce na fad ba, wato abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana sarrafa wasa. Ko sandarsa ta fara jan ɗan wasa gefe ita kaɗai, ko maɓalli ya maƙale.

Auwalu mutumin Gude ne ta ƙasar Kabo, magidanci, manomi mai ɗan kiwon tumaki. Da can duk ranar kasuwa sai ya biyo ta wajenmu ya buga, kuma ba a cin sa da wasa. Da kaka injin casa ya kama masa hannun dama, aka yanke daga wuyan hannu. Tun daga nan muka daina ganin sa, sai ran nan, ana gab da shiga azumi.

Muka gaisa, na tambayi jiki da iyali da mutanen Gude. Ya zauna yana kallon teburina, can ya ce, “Malam Lawal, fad ɗin nan dole sai da hannu biyu?”

Na ce, “Haka aka ƙera shi.”

Ya ce, “Na san haka aka ƙera shi. Ni tambayata, dole ne? Na koyi shuka da hagu, na koyi ɗaure tunkiya da haƙori. Amma in na zauna a bencin can, sai a riƙa matsa mini wuri kamar an kawo majinyaci. Gasar Sallah nake so in shiga.”

Gasar da yake nufi ita ce wadda 'yan gem na Gwarzo da na Kabo ke haɗuwa su yi bayan Ƙaramar Sallah. Gaskiya ba tausayi ne ya fara kama ni ba, son sani ne. Na kwance fad ba adadi, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa maɓallan bugu duk suke dama ba.

Ga yadda abin yake. Kowane maɓalli makunni ne kawai, in an danna ya haɗa layi biyu a jikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikin fad ɗin. In ka liƙa waya a layukan nan ka ja ta waje, ko da ƙafa ka haɗa su na'ura ba ta sani ba. Na samo katako mai faɗi, na jera makunnan ƙararrawar ƙofa a kai, na ɗora wa kowanne feda ta roba: ta ba da ƙwallo, ta bugu, ta zura ƙwallo gaba, ta ɗagawa sama. Shi kansa fad ɗin muka ɗaure a ƙaramin tebur, hannun hagu na kan sanda.

Oga ya ce in gwada da fad na kwaikwayo, kada in ɓata orijinal. Na yi, ya kama. Auwalu ya ba da ƙwallo da ƙafa, ya ƙyalƙyale da dariya. Ba a jima ba na'urar ta yanke fad ɗin, ta rubuta cewa ba ta san shi ba. Muka kashe muka kunna, ta sake yankewa.

Na kira Bashir, wanda ya karanci kwamfuta kuma shi ne alƙalin gasar daga ɓangaren Kabo. Washegari ya zo ya duba. Ya ce a cikin orijinal akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da na'ura ke yi wa tambaya lokaci zuwa lokaci, in ba ta ji amsa daidai ba sai ta rufe ƙofa.

Nan gardama ta tashi. Oga Habibu ya ce, “Wannan ai ƙarfa-ƙarfa ce. Na sayi na'ura, ta zama tawa, sannan wani a can ƙetare ya ce ga abin da zan jona mata? So suke kowa ya sayi nasu.”

Bashir ya ce, “Oga, akwai wannan, ban musa ba. Amma akwai fad da ake sa wa dabara, dannawa ɗaya ya yi maka goma. In ba a toshe ba, mai gaskiya ba zai taɓa cin wasa ba.”

Na ce, “To shi Auwalu wane maguɗi ya yi?”

Bashir ya ce, “Na'ura ba ta ga Auwalu ba. Ita amsa kawai take jira.”

Sai ya ɗauki orijinal ya shiga saitin wasan, ya nuna mana wani shafi da ban taɓa buɗewa ba duk shekarun da na yi a shagon. A nan kana iya mayar da aikin kowane maɓalli zuwa wani. Ashe masu tsara wasan sun yi tunanin irin su Auwalu, masu ƙera na'urar ne suka kulle ta wani gefen. Na ce, “Su ba sa magana da juna ne?” Bashir ya ce mai yiwuwa ko gini ɗaya ba sa zama.

Hanya ɗaya ta rage, a huda orijinal. In dalma ta zarce, fanel ya tafi. Oga ya daɗe yana juya fad ɗin a hannu, sannan ya ajiye a gabana ya ce, “Yi a hankali. In ya ƙone, ni na ce ka yi.” Wuni na yi a kansa da ƙaramin baki na ƙarfen dalma. Da saitin da Bashir ya nuna mana muka mayar da gudu da canjin ɗan wasa kusa da yatsun hagu, sauran suka koma ƙafa. Na'ura ta karɓa, ba ta sake yankewa ba. Auwalu ya yi azumin nan yana zuwa atisaye in ya samu sarari.

Ranar gasa a Kabo aka sake wata gardamar. Sadik, wanda aka haɗa da Auwalu a zagayen farko, ya ce bai yarda ba, ƙa'ida ta ce ba a shiga da fad ɗin da aka taɓa cikinsa. Kuma da gaskiyarsa, haka ƙa'idar take. Auwalu ya sunkuyar da kai, ya fara naɗe wayoyin.

Bashir ya ce a dakata. Ya sa na kwance fad ɗin a gaban kowa, na nuna cewa waya ce zalla, babu wata ƙwaƙwalwa da aka ƙara. Sannan Bashir ya ce, “An kafa ƙa'idar don kada wani ya samu fifiko. Sadik, zauna ka gwada, in ka ga fifiko ne, na hana.”

Sadik ya cire takalmi ya hau. Ya nufi ba da ƙwallo ya ɗirka ta waje, ya nufi bugu ya ɗaga ta sama, ɗan wasansa na ta zagaye a fili. Ɗaki ya kaure da dariya, har da shi. Ya miƙe ya ce, “Yaya Auwalu, bismilla. Wannan ko kyauta aka ba ni ba na so.”

Auwalu ya ci Sadik, ya ci na bayansa. A na kusa da ƙarshe ƙafarsa ta dama ta riƙe, wani ɗan Durun ya fitar da shi. Bai tsaya jin jaje ba. Ya juyo wajena yana murza ƙafa ya ce, “Malam Lawal, fedar bugu ta yi tauri, kuma ta yi nisa da ta ba da ƙwallo. A gyara kafin Babbar Sallah.” Mutane suka dabaibaye shi suna musu kan canjin ɗan wasan da ya yi a minti na ƙarshe, wasu na cewa shi ya kayar da kansa, shi kuma yana kare kansa da ƙarfi. Ba wanda ya ce masa sannu.

Abin da na koya shi ne, duk na'urar da ta zo teburinku an ƙera ta ne da wani mutum a rai: mai yatsu goma, mai wutar da ba ta ɗaukewa, mai intanet a ɗaki. Masu ƙerawar ba mugaye ba ne duka, ba kuma waliyyai ba, suna da dalilansu da ribarsu. Amma wanda zai ɗaga labule ya yi muku sallama ba lallai ya zama wancan mutumin ba. Kafin ku ce masa ba ya yiwuwa, ku ɗauko sukudireba ku leƙa ciki tukuna.