Ƙwaya Arba'in a Cikin Kasko

Shekarar da muka haƙura da babbar gonarmu ta bakin daji, ta wajen Kuyello, saboda masu bindiga, abin da ya rage wa Baba shi ne 'yar gonar bayan gida da buhu guda na irin masara. Buhun ma a gaggauce aka ɗauko shi, ya yi watanni a jingine a ɗakin da ke yoyo. Idan irin nan bai tsiro ba, babu wani, kuma damina ba ta jiran kowa ya sake shiri.

Ni a lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin Birnin Gwari, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Cikin 'ya'ya biyar da aka haifa wa Baba ni kaɗai na rayu, shi ya sa na taso a shagwaɓe, bakina ba ya shiru. Yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Baba yana da wata al'ada. Kafin ruwan shuka ya sauka, sai ya ɗebi ƙwaya arba'in daga irin, ya binne a wani tsohon kasko, ya riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai. Abin da kasko ya faɗa, da shi yake aiki. A waccan shekarar yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya ce in ɗebo masa.

Da na buɗe buhun sai na ga ɓarna. Wasu ƙwayoyin ƙwari sun huda su, wasu sun yi baƙi-baƙi. Tausayinsa ya kama ni, na zauna na tsince masu ƙiba da sheƙi guda arba'in. Bayan mako guda kasko ya yi kore shar, biyu kawai suka ƙi fitowa. Na kawo masa ina murna.

Ya shafa tsiron da yatsunsa, a hankali, har ya kai ƙarshe. Bai yi murmushi ba.

Ya ce, "Uwata, zaɓa kika yi ko?"

Na ce, "Baba, ai masu kyau na ɗauko maka."

"To masu kyau kaɗai za mu shuka? Ni ba labarin masu kyau na tambayi kasko ba. Labarin buhun na tambaya."

Kunya ta rufe ni. Wannan darasin fa shi nake rubuta wa ɗalibai a allo da turanci, ina hararar wanda bai gane ba.

Ya sa na kawar da kaina gefe, na zura hannu na damƙo daga bakin buhu, na damƙo daga tsakiya, na kuma nutsa har gindi inda laima ta fi kamawa. Muka cuɗanya su a ƙwarya, shi ya ƙirga arba'in ba tare da ya san wadda ya taɓa ba. Kwana bakwai na biyu sun yi mini tsawo, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabta suna ta gyaran sungumi. Da lokaci ya yi, ashirin suka fito, ashirin suka kwanta.

Baba ya ce, "Uku-uku za a zuba. Biyu, gona za ta yi giɓi da yawa. Huɗu, iri zai ƙare ba mu kai ƙarshen gona ba. Da uku, cikin gurbi takwas ɗaya zai fito fayau, wannan kuwa ma cike shi."

Na shiga ɗaki na ɗauko biro, ina cewa a raina bari in kama tsoho. Rabi, rabin rabi, rabin wancan kuma. Ɗaya cikin takwas. Na sake bi, amsar ba ta motsa ba. Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba, ko sa hannu da babban yatsa yake yi.

Na fito na ce, "Baba, wa ya koya maka?"

Ya yi dariya. "Wa fa? Ina bin kunyoyi tun ba a haife ki ba. Ƙafa ma tana ƙirge."

Muka yi shuka. Da tsiro ya fito, na riƙe hannunsa muka zaga gonar, ina faɗa masa abin da na gani. Giɓin bai yi nisa da abin da ya ce ba, masara kuwa ta tsaya, za ta kai mu baɗi. Abin da ya tsayar da ni shi ne gurabe biyu da ke jere. Ɗaya duk ukun sun fito suna cunkuso, na kusa da shi ko ɗaya babu. Hannu ɗaya ya zuba, ruwa ɗaya ya jiƙa su.

Na ce, "To wannan fa, me ya sa shi?"

Ya durƙusa ya laluba gurbin da babu komai, ya daɗe hannunsa yana wurin.

Ya ce, "Kasko gona yake sani, Uwata, bai san gurbi ba. Wannan sai Mai shi." Sannan ya miƙo hannu in ɗaga shi, ya riƙe nawa da ƙarfi fiye da yadda tashin ke bukata. "Ku biyar ne fa."